Yashin Southend da Sandar Mama Talatu

Dagenham, London.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kin sauka Plymouth lafiya, kin ga ɗakinki, kin gane alƙibla, kin sa wani abu mai ɗumi a cikinki. Allah ya tsare hanyar da kika bi yau da wadda za ki bi gobe, ya kare ki daga sharrin mutum da sharrin ruwa.

Na sa ta cikin sallayarki don na san ita za ki fara warwarewa. Kin san ni da nauyin baki. Ke ce 'yar fari, kuma sunan uwar mijina gare ki, ga kunyar da aka haife ni da ita. Abin da na kasa faɗa miki a kicin shi zan rubuta. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, in kin ga kuskure ki tsallake shi.

Ranar da muke haɗa kayanki na ji abin da kika ce wa Abbanki a falo. Kin ce ba ki san kowa a can ba, ba ki iya fara magana da mutane ba, kuma in abin ya gagara za ki bar karatun ki dawo gida. Shi kuma ya ce, "Kira ɗaya za ki yi min, Ummina, in tada mota in zo in ɗauko ki." Na san zai aikata, ko da yana tsakiyar aiki ne. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da zanin gado a hannu, ban ce komai ba. To ga maganata yanzu. Ba na so ki yi wannan kiran. Ba ni da dogon ilimin da zan kafa miki hujja da shi. Abin da nake da shi shi ne 'yar gonar bayan gidan nan da abin da na ɓata a cikinta.

Lokacin da council, wato ƙaramar hukuma, suka ba mu gidan nan kina goye. Da na buɗe ƙofar baya na ga ƙasa, ƙasa ta gaske, sai da na durƙusa na taɓa ta. A gidanmu na Bichi kakata tana da lalle da yakuwa da zogale a bayan randa, ruwan alwala kawai suke sha amma suna nan shar. Na ce ni ma zan yi nawa. Na tsinci 'ya'yan yakuwa a ƙasan ledar zoɓon da muka sayo a Peckham, na ƙulle su a tsumma, na zauna jira. A wurinmu mai shuka ruwa yake jira. Da an yi ruwa mai kyau ƙasa ta jiƙa, kowa ya fita da iri. Wata safiya a Fabrairu aka kwana ana ruwa, na ce alhamdu lillahi, ruwan shuka ya sauka. Na fita na binne su. Ba abin da ya fito. Aka sake ruwa, na sake binnewa. Ruwan garin nan kuwa kin san ba ya hutu, ni ma ban huta ba har irin ya kusa ƙarewa.

Duk abin nan da nake yi, katangar katako ce kawai tsakanina da Mama Talatu. Kin tashi kin gan ta kamar 'yar gida, amma a lokacin ko gaisuwa ba ma yi. Abin da na sani shi ne 'yar Jos ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma bayan gidanta kamar an zubar da akwatin atamfa: ja, ruwan ɗorawa, fari, ruwan hoda. Bazara guda na yi ina leƙen furanninta ta bayan labule. In ta ɗago kai sai in saki labulen.

Ita ta gaji da ni. Rannan ina durƙushe sai na ji murya a kaina.

"Maman Ummi! Wai me kike binnewa a nan kullum? In gawa ce ki faɗa mana mu zo gaisuwa."

Na ce, "Yakuwa ce."

"Yakuwa? A wannan sanyin?" Ta yi dariya har sai da ta riƙe katanga. "'Yar'uwa, nan ba ruwa ake jira ba. Ruwa ai ya ishe mu. Ɗumi ake jira."

Ta zagayo ta ƙofar gaba da robobin yogot a leda, ta huda gindinsu, ta nuna min yadda zan shuka a bakin tagar kicin, in bar su a ciki har sai sanyin asuba ya daina daskarar da ciyawa. Muna cikin aikin ta ce, "Ni fa na ɗauka girman kai ne da ke. Ko kuma don kin ga ina zuwa coci." Ummi, sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ina can ina jin tsoronta, ita tana nan tana jin na raina ta.

Saboda haka ki yi gaisuwa. Ba na ce ki zama mai surutu ba, ba za ki zama ba, ni ma ban zama ba. Amma wadda ɗakinta ke kusa da naki, ki ƙwanƙwasa mata tun makon farko, ko da gishiri za ki ce ta sammiki. Mutane ba sa ganin abin da ke cikin mai shiru, sai su cika wurin da abin da suka ga dama. Kuma abin da kika saba da shi a gida, kada ki ɗauka ma'anarsa ɗaya a can. Ki tambaya.

Zuwanmu teku na farko ba za ki tuna ba. Abbanki ya samu hutu daga tuƙin bas, ya ce zai kai mu Southend in ga ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Ni ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Bagwai ba. Na tashi na yi dambun shinkafa, na soya kaza, na cika gora da zoɓo, na sa sabon mayafi. Muka shiga jirgin ƙasa ina ta leƙen taga. Da muka isa, me zan gani? Laka. Laka har iyakar ganina, ga ƙananan jiragen ruwa kwance a gefensu kamar awaki da rana.

Abbanki ya ce, "Ikon Allah. Wannan ai fadamar bayan garinmu ce da rani." Sai kuma ya ce, "Mu ɗan zauna mana, an ce yana tafiya ya dawo."

Na ɗauka lallashina yake yi don ya ga raina ya ɓaci. Ina ruwa zai tafi ya dawo kamar mai zuwa kasuwa? Ga iska tana kaɗa mayafina, ga mutane rabin tsirara, ni kuma ina ji kamar kowa ni yake kallo. Na ce mu tafi. A jirgin dawowa muka ci dambun.

Da na ba Mama Talatu labari ta ce, "Kai, Maman Ummi! Kin je gidan mutum kin tarar ya fita, ko zama ba ki yi ba kika ce ba shi da kirki."

Sai bayan shekaru na yarda na koma, da ita da ke, kin fara makaranta a lokacin. Muka sake tarar da laka. Ta shimfiɗa tabarma, ta zauna a bakin mayafina, ta ce ba inda za ni. Muka ci, muka sha, ta ba ni labarin lambunan Jos da duwatsunsu. Can sai na ga wani siririn haske daga nesa kamar an ja zaren azurfa. Bai zo da hayaniya ba. Ya riƙa bin ramuka yana cika su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga jiragen nan da ke kwance suka miƙe suna rausaya, har ya zo ya taɓa yatsun ƙafata. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba. Har yau in na tuna ina jin sanyin nan a ƙafa. Wuri ɗaya ne, rana ɗaya, amma wanda ya tafi da wuri zai rantse ba teku a Southend.

A ranar ne na fara ganin wani abu a tare da ke. Kafin ruwan ya iso kin tsugunna a bakin wani ɗan kududdufi, yaran mutane suna ta guje-guje, ke ko motsi ba kya yi. Na zo in ɗauke ki, kika ɗaga min hannu kika ce, "Shh, Mama, he's coming out." Ƙaguwa ce ƙarama kamar ƙwallon dabino, kin jira ta har ta fito daga ƙarƙashin dutse. Tun daga nan kowace bazara sai kin ja mu, yau Southend, gobe Margate, ki dawo aljihu cike da bawon koɗi, gida ya yi ta ƙarni. Da kika ce halittun teku za ki karanta, 'yan uwa a gida sun yi ta tambaya ko kamun kifi ne. Ni ban yi mamaki ba. Na riga na ga yarinyar da ke iya jira.

Plymouth da za ki gani a makonnin farko laka ce. Ruwan sama, baƙin fuskoki, abincin da ba yaji. Kada ki yanke wa garin hukunci da wannan.

Akwai kuma wautar da na yi a wannan zuwan na biyu, wadda Abbanki har yau yake ba baƙi labarinta. Da muka cinye abinci kula ta zama fanko, na dubi yashin bakin ruwan, mai laushi, mai tsabta. A gida in za a cika tukunyar shuka, yashin rafi ake haɗawa da taki da jar ƙasa. Na ce ga yashi Allah ya kawo. Mama Talatu ta tafi da ke sayen askirim, ni kuma na cika kula, na rufe, na rungumo ta har gida ina nishi.

A lokacin Mama Talatu ta ba ni hibiskus guda biyu, 'yan uwan yakuwa ne amma furensu ya kai tafin hannu, ja wur, da safe ya buɗe, kafin jibi ya faɗi wani ya maye gurbinsa. Ina son su kamar me. Na juye su na sa musu sabon yashi don in kyautata musu. Ba a jima ba bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an kanga shi a wuta. Na ƙara ruwa. Suka zube.

Ta zo ta duba, ta tona da yatsa, ta dube ni. "Ina kika samo wannan?"

Na faɗa mata.

"Lasa."

"Ƙasa zan lasa?"

"Lasa mana, ba za ki mutu ba."

Na lasa. Gishiri zalla.

Ta ce, "Miya kika yi da su, saura daddawa. Kuma ki gode Allah ba wanda ya gan ki, an hana ɗiba."

A ido ba shi da bambanci da yashin rafinmu, shi ya sa ban yi shakka ba. Za ki haɗu da masu kama da gida a can. Wata za ta yi miki sallama da Hausa, ki ji kamar ki rungume ta. Ki amsa da fara'a, amma ki ɗan dakata kafin ki juye mata duk cikinki. Ki ga yadda take maganar wanda ba ya wurin, ki ga ko tana tashi in lokacin salla ya yi ko ke ma za ta zaunar da ke. Wata kuma ba addininku ɗaya ba, ba abincinku ɗaya ba, amma ita za ta tsaya miki ranar da kike kwance. Wadda ta kwana da ke a hannu lokacin da aka yi min aiki a asibiti kin san ko wace ce.

Yanzu sai sandar. Ita na fi so ki riƙe.

Bayan hibiskus sun mutu na ce na daina. Sai rannan Mama Talatu ta miƙo min wani guntun icce ta saman katanga, toka-toka, ba ganye ba saiwa, kamar muciyar da ta karye. Ta ce frangipani ne, irin farin furen nan mai ruwan ƙwai a tsakiya da ke zuba a harabar tsofaffin gidajen Nasarawa a Kano. Ta ce in dasa, in ba shi ruwa kaɗan, in sanyi ya shigo in shigar da shi ɗaki in manta da shi.

Ya yi ganye da bazara, manya masu sheƙi. Da sanyi ya zo suka zube gaba ɗaya. A wurinmu icce in ya zubar da ganye ƙishi yake ji. Tausayi ya kama ni. Na jawo tukunyar jikin hita, safe da yamma ina ba shi ruwa, har da ɗan ɗumi nake sirkawa. Rannan na taɓa shi sai yatsana ya nutse. Ya ruɓe tun daga gindi. Ba sanyi ne ya kashe shi ba, ni ce.

Ta sake ba ni wani. Wannan karon na daure ban ba shi ruwa ba, amma da aka daɗe yana tsaye ƙeƙas, sauran itatuwan unguwa duk sun yi toho shi ko alama, na ce wannan ma ya tafi. Na tuge shi na jefa a kwandon shara na ganye. Kin dawo daga makaranta kika gan shi. Ba ki yi min gardama ba, ba halinki ba ne. Kin ciro shi, kika ɗan kankare fatar da farce, kika kawo min har kicin kika ce, "It's green, Mama." Kika mayar da shi tukunya da kanki, kika ajiye a inda ba zan riƙa ganinsa ba.

Shekaru ya yi yana ganye yana zubarwa, ba fure. Abbanki ya sa masa suna sandar liman. In ya wuce sai ya ce, "Maman Ummi, yau ma liman bai hau mumbari ba?" Sai bazarar da kika gama firamare, na fita shanya da safe na ji wani ƙamshi da na rabu da shi tun ina yarinya. Fure biyar a kan reshe ɗaya, farare kamar an wanke su da madara, tsakiyarsu kamar gwaiduwa, gefen kowanne ya ɗan naɗe kamar an yi da hannu. Na kira Mama Talatu ta katanga, karo na farko da na ɗaga murya a unguwar nan. Ta fito da kayan aiki a jikinta, ta dube shi ta ce, "Yesu! A Dagenham!" Ni na ce, "Allahu akbar." Muka tsaya muna dariya kamar yara. Abbanki ya cire hula ya gai da liman.

Ba ni na raya shi ba. Ni na jefar da shi. Ke kika duba ƙarƙashin fata.

Kuma tunda na fara faɗar gaskiya, bari in ƙarasa. Yadda na yi wa sandar farko haka na yi miki. In baƙi sun zo kika ɓuya a bayana, sai in ce, "Ku ƙyale ta, kunya gare ta," raina kuma yana jin daɗi don kin biyo ni. In an gayyace ki gidan ƙawa kika yi jim, kafin ki buɗe baki na ce ba za ki ba. Na ɗauka ƙauna ce, kuma ƙaunar ce, amma ta yi yawa a inda ya kamata in ja baya. Tsoron da kike ji yau, da hannuna a ciki. Ba zan ƙara da cewa ki dawo ba.

Za ki zubar da ganye a can, Ummi. Rana za ta riƙa faɗuwa tun la'asar, za ki ci abinci ke kaɗai, za ki ji kamar kowa ya samu abokai sai ke. Ranar da kika ji haka, ki yi wa kanki abin da kika yi wa sandar. Ki duba. Kina salla? Kina cin abinci? In kin shiga aji ana maganar ruwa da abin da ke cikinsa, ranki yana motsi? In haka ne, kore ne. Ki sa rigar sanyi ki fita bakin teku, tunda yanzu ba sai kin hau jirgi ba.

Jiya na yi magana da Abbanki. Na ce, "Abban Ummi, alkawarin nan da ka yi mata, ka ba ni shi."

Ya ce, "In ta kira tana kuka fa?"

Na ce, "Ka ɗauka, ka saurare ta, ka yi mata addu'a. Amma makullin mota yana wurina."

Ya ce, "Ke za ki iya? Ke da ko tafiyar makaranta ta kwana ɗaya ba ki taɓa barinta ta je ba?"

Na ce, "Ba zan iya ba. Shi ya sa zan cika ɗakin."

Ga abin da nake nufi. Sanyi ya kusa, dole tukwane su shigo. Kowace shekara a kicin da matakala nake cusa su muna tuntuɓe da su. Bana ɗakinki za su shiga, don tagarki ta fi kowace samun rana. Sabon hibiskus a kan teburin karatunki, furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga a gaban madubi, lalle a bakin taga, liman a kusurwa. Abbanki zai yi dakon su ran Asabar, ya riga ya fara ƙorafin bayansa. In na shiga da safe na tarar da ɗakin cike da masu buƙatata, wataƙila ba zan zauna a bakin gadonki in ɗauki waya in ce ki taho ba.

Ki fahimce ni da kyau. In ciwo ne, ko wani ya taɓa ki, ko kika ji zuciyarki ta yi nauyin da ba ki iya ɗagawa, ki kira a kowane lokaci. Ni da kaina zan miƙa masa makullin in shiga gaban mota, tukwanen kuma in watsar da su waje ko ƙanƙara ake yi. Hutu ma daban ne, ki zo ki kwana cikin ganye. Amma in kewa ce kawai da kunya, ki daure. Ba zan fitar da su ba sai ɗumi ya zauna, kuma a lokacin ne za ki gama shekararki ta farko. Ki zo da jakarki ki kama min gefen tukunya, mu fitar da su, ki karɓi ɗakinki.

Mama Talatu ta ce in gaya miki tana sa ki a addu'a, kuma kada ki kuskura ki aiko min da yashi.

Allah ya sa ki a hannun mutanen kirki. Ya buɗe miki ƙirji ya saki harshenki a inda magana ta kamata. Ya tsare ki a tudu, ya tsare ki a cikin ruwa, ya sa ki gama abin da kika je yi. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min.

Ki sa safa biyu.

Mamanki.